Gansakuka a ɗan tafkin lambu: yunwa nake sa mata, ba guba ba

Duk wanda ya taɓa haƙa ɗan tafki a lambunsa don ƙawa, ko ya girke kwatarniyar ruwa don tsuntsaye su sha su yi wanka, ya san ranar da zai leƙa ya tarar ruwan ya koma kore shar. Tambayar da ake yi mini a kan haka kusan guda ce kullum: wane magani za a zuba? Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa mutane daɗi ba, don cewa nake yi kada a zuba komai. Ba wai maganin ba ya ci ba ne. Yana ci, kwana biyu uku ruwa ya washe. Abin da ke damuna shi ne sauran rayukan da yake tafiya da su tare da gansakukar, ga shi kuma bayan 'yan makonni sai ta dawo, sau da yawa fiye da yadda take a da.

Tafkin da nake kula da shi ƙarami ne, mita uku a tsayi, biyu a faɗi, zurfinsa a tsakiya ya ɗan wuce gwiwa. Amma masu cin moriyarsa suna da yawa. Akwai kwaɗi da 'ya'yansu, akwai katantanwa, akwai tsutsar mazari da kan yi watanni, wata ma fiye da shekara, tana farauta a ƙarƙashin ruwa kafin ta hau kara ta fasa ɓawonta ta tashi. Da rana ƙudan zuma kan sauka a jiƙaƙƙen dutsen bakin ruwa su sha, tsuntsaye su yi wanka a inda ba zurfi, da dare kuma bushiya ta zo. Ban kawo ko ɗaya daga cikinsu ba, su suka gano ruwan da kansu. Kwaɗo ma ba da baki yake shan ruwa ba, ta fatarsa ruwan yake shiga, har wani ɓangare na numfashinsa ta nan yake yi. Ke nan duk abin da aka zuba a ruwan nan, a jikinsa aka zuba.

Abu uku gansakuka take nema: haske, ɗumi da abinci. Haske da ɗumi sai dai a rage su, ba a iya hana su. Abincin ne ke hannunmu, kuma sinadarai biyu ne, naitrojin da fosfaras, waɗannan dai da ake sawa a takin zamani don shuka ta yi kyau. A shekarar 1973 wani masanin ruwa mai suna David Schindler da abokan aikinsa sun gwada wannan a fili a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Sun sami wani ƙaramin tafki da ake kira Tafki na 226, wanda ya tsuke a tsakiya, suka raba shi gida biyu da labulen roba. Kowane ɓangare suka zuba masa kabon da naitrojin, amma ɗaya kaɗai suka ƙara wa fosfaras. Ɓangaren da ya sami fosfaras ya rufe ruf da kore, ɗayan kuwa ya zauna garau. Hoton da aka ɗauka daga sama ya zagaya duniya, kuma yana cikin hujjojin da suka sa ƙasashe da dama suka rage fosfaras a garin sabulun wanki. Rana ɗaya ce ke haska ɓangarorin biyu, zafinsu ɗaya, abinci ne kawai ya bambanta su.

Saboda haka idan ruwana ya soma canza launi, ba gansakukar nake fara kallo ba, ƙofar da abincinta ya shigo nake nema. Ƙofofin kuwa ba su da wuyar ganewa in mutum ya tsaya ya duba da kyau. Ganye ya faɗo ya nutse ya ruɓe. An sa wa ciyawar lambu taki, ruwan sama ya sauka ya wanko shi ya gangaro da shi. An dasa furen ruwa a tukunya da ƙasar da aka cakuɗa da taki. An watsa wa kifi abinci fiye da cinsa, ragowar ya kwanta a ƙasa, wanda ya ci kuma ya fitar da kashi. Har ruwan famfo ma a wasu wurare yana ɗauke da naitret da fosfet, wato naitrojin da fosfaras ɗin nan a narke, sai mutum ya kwashe koren ruwa ya cika da sabo yana murna, ashe sabon abinci ya kawo mata. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne gangaren ƙasa. Ka fito lokacin da ake tsuga ruwa ka ga ina ruwan lambun yake nufa. Idan tafkin ya nufa, ɗaga bakinsa da ɗan tudu ko yanka masa 'yar hanya ta gefe ya fi kowace kwalbar magani amfani.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san da wa ake yi, don ba duk kore ne iri ɗaya ba. Akwai wadda ke rina ruwan gaba ɗaya, ka sa hannu ka kasa ganin yatsunka. Wannan ƙananan ƙwayoyi ne masu yawo a ruwa, ido ba ya ganin guda ɗaya. Akwai mai zare-zare, wadda ke kama dutse da jikin shuka, da rana ta taso sama tana kumfa, in ka ɗaga ta da sanda ta biyo ka da tsawo. Waɗannan biyun ba su da guba, muni ne kawai da cunkoso. Ta ukun ita ce abin tsoro, kuma a gaskiya ba gansakuka ba ce, bakteriya ce da masana ke kira sayanobakteriya. Tana kwanciya a fuskar ruwa kamar an zubar da koren fenti, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi, iska ta tura ta gefe guda, ga wari. Ka tsoma sanda ka ɗaga: in zare ya biyo, hankalinka ya kwanta, in sandar ta fito a shafe ba zare, ka yi hattara. Ana kuma iya cika kwalba da ruwan a rufe ta, a ajiye wuri mai sanyi da duhu ta kwana. In koren ya kwanta a ƙasa, alama ce ta gansakuka ta ainihi. In ya taru a sama, a yi zargin ɗayar. Gwajin gida ne wannan, yana ba da alama ne, ba ya yanke hukunci.

Ina ja wa mutane kunne a kanta ne saboda wasu nau'o'inta na fitar da gubar da ke lalata hanta ko jijiyoyi, kuma tafasa ruwan ba ya kashe gubar. A watan Agustan 2014, mutum wajen 400,000 a birnin Toledo da kewayensa a jihar Ohayo ta Amurka sun yi kusan kwana uku an hana su shan ruwan famfo saboda ta mamaye Tafkin Erie, inda suke ɗebo ruwa. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botswana, hukumomin ƙasar suka ce gubarta ce a ruwan da suke sha. A lambu kuwa kare ne ya fi shiga haɗari, don yakan sha, ya shiga ya fito ya lashe jikinsa. In ka ga alamarta, ka kange wurin daga yara da dabbobi, ka sa safar hannu, ka yaye abin da ke sama, ka riƙa rage ruwan kana zubarwa inda dabba ba za ta sha ba, kuma ban da ban ruwan kayan lambun da za a ci. A nan ne ma zuba magani ya fi muni, domin in ƙwayoyin suka mutu lokaci guda sai su fashe, gubar da ke cikinsu ta watsu a ruwan.

Magungunan da ake sayarwa, da yawansu jan ƙarfe ne a ciki, irin su kofa salfet. Jan ƙarfe ba ya zaɓe. Katantanwa ce kan fara mutuwa, sai ƙananan halittun ruwa, 'ya'yan kwaɗi su sha wuya, kifi ma ba ya tsira musamman a ruwan da ba shi da ma'adinai sosai. Kuma ƙarfe ne, ba ya ruɓewa ya ɓace, sauka yake yi ya zauna a laka yana taruwa. Don haka ne ma ban yarda da shawarar jefa guntun jan ƙarfe a kwanon ruwan tsuntsaye ba. Bilic da kulorin na wurin ninƙaya ne, inda ba a son komai ya rayu. Gishiri yana ƙona shuke-shuke yana cutar da kwaɗi.

Ko da maganin bai taɓa kifi kai tsaye ba, akwai wata hanyar da yake bi ya kashe shi, kuma ita ce mutane ba su cika sani ba. Da rana gansakuka na fitar da iskar oksijin, da dare kuma sha take yi, shi ya sa iskar ruwa ta fi ƙaranci da asuba. Ga shi ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai: a digiri 10 na ma'aunin Salshiyas lita guda na iya riƙe kusan miligiram 11 na oksijin, a digiri 30 kuwa wajen 7.5 ne kawai. To ka zo da zafi ka kashe gansakukar tafki gaba ɗaya a yini guda. Mai samar da iskar da rana ta tafi, bakteriya kuma sun taru a kan gawarta suna ruɓar da ita suna shanye ɗan abin da ya rage. Gari na wayewa ka tarar da kifaye sun yi cirko-cirko a sama, bakinsu a fuskar ruwa suna buɗewa suna rufewa, manyan su ne kan fara juya ciki sama. Ita kuwa matacciyar gansakukar tana nan a ƙasa, ta sako naitrojin da fosfaras ɗin da ta ci, zuriya ta gaba ta tarar da abinci a shirye, masu cin ta kuma an kashe su. In ka taɓa ganin kifi a wannan hali, ko da ba ka zuba komai ba, ka hanzarta motsa ruwan: kunna famfo, ko ka riƙa kwararo ruwa daga sama yana fantsama.

Abin da nake yi ya fi cin lokaci, amma ina jin daɗinsa. Mai zare-zare da sanda nake fitar da ita. Sanda mai ɗan kaushi ko reshe mai ƙananan rassa ta fi, sai in tsoma ta in riƙa murzawa a hankali, zaren na naɗuwa, har ta yi nauyi in ɗago. Wannan ƙullin ba a jefar da shi haka nan, cike yake da rai. Bokiti nake cikawa da ruwan tafkin, in sa ƙullin a ciki in warware shi da yatsu ina girgizawa. Nan za ka ga abin mamaki: tsutsar mazari mai launin ƙasa ta fito tana tafiya a gindin bokiti, ƙananan katantanwa da ba su kai ƙwayar ido ba, ɗan kwaɗon da ƙafafunsa na baya suka fara tsirowa yana neman hanyar gudu. In mayar da su ruwa, sannan in ajiye zaren a bakin tafkin ya kwana don wanda ya maƙale ya rarrafa ya koma. Washegari in kai shi juji nesa da ruwan, ya zama taki mai kyau. Kada a bar shi ya ruɓe a bakin tafki, ruwan sama zai mayar da abincin inda ya fito. Duk ƙullin da ya fita, wani kaso na fosfaras ya bar tafkin ke nan har abada, abin da magani ba ya iya yi.

Ba na kwashewa duka. Siririn koren da ke manne a jikin duwatsu da bangon tafki ba na kankare shi, shi 'ya'yan kwaɗi da katantanwa ke kiwo.

Babban aikin kuwa shuke-shuke ne ke yi. Suna cin abincin da gansakuka ke nema, suna kuma tare mata rana. Bado shi ne na farko a wurina, ganyensa faffaɗa ne yana shimfiɗuwa a kan ruwa, ƙarƙashinsa sanyi da inuwa. Abin da ake so shi ne ganye ya rufe rabi zuwa kashi biyu cikin uku na fuskar ruwan, ragowar a bar wa iska da haske. Sai masu zama a nutse, irin wadda masana ke kira Ceratophyllum, wadda ba ta da saiwa, daga ruwan kai tsaye take zuƙar abincinta, don haka gogayyarta da gansakuka ta gaba da gaba ce. A bakin ruwa kuma a sa masu tsayawa da ƙafa a laka, don mazari ya sami abin hawa. A dasa su cikin tsakuwa ko laka marar taki. Idan sun yi yawa a rage a fitar, wannan ma fitar da abinci ne.

Kainuwa tana aiki sosai, saiwarta a rataye take cikin ruwa tana tsotsa, amma haihuwarta ba ta da birki, in ka yi sakaci sai ta rufe tafkin ta toshe haske da iska, har wasu ƙasashe sun hana sayar da ita. Haka ma wata shukar ruwa mai shuɗin fure da ake kira water hyacinth, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda aka riƙa ɗauka ana kaiwa wasu nahiyoyi don kyanta, ta zo ta toshe gaɓar Tafkin Biktoriya a shekarun 1990 har jiragen masunta suka kasa fita. Kowace shukar ruwa ka rage daga lambunka, ka shanya ta ta bushe ƙayau ko ka binne ta. Kada ta kusanci kogi ko magudanar ruwa. Kuma in akwai 'yar asalin yankinka da za ta yi aikin, ita ta fi.

Koren ruwan nan da ke rina tafki yana da mai cin sa, wata 'yar halitta da ake kira dafniya ko ƙumar ruwa, wadda yawanci ba ta wuce milimita biyu uku ba. Ka ɗebi ruwa a kofin gilashi ka ɗaga wa haske, za ka gan su suna tsalle-tsalle a ciki. Tace ruwa suke yi suna cinye ƙwayoyin, in sun yi yawa tafki kan washe da kansa cikin 'yan kwanaki. Matsalar ita ce kifi ba abin da yake so kamar su. Kifi ya cinye mai cin gansakuka, ya yi kashin da zai ciyar da ita, ya tona laka ya tayar da abin da ya kwanta, ya kuma haɗiye ƙwan kwaɗi. A ra'ayina ƙaramin tafkin da aka yi don halittun daji ya fi kyau ba kifi. Wanda kuma ransa ke son kifi, ya rage yawansu, ya ba su abin da za su cinye cikin 'yan mintuna, ya kwashe ragowar.

Idan ruwa ya ja baya, da ruwan sama nake cikawa, wanda na tara a ganga. In dole sai na famfo, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kulorin ya fita, amma a sani wasu hukumomin ruwa kuloramin suke sawa, wani dangin kulorin, shi kuwa ajiyewa ba ta fitar da shi, sai da sinadarin da masu kiwon kifi ke kashe shi da shi. Canjin ruwa kuma kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar a lokaci guda. Sabon tafki ko wanda aka kwashe aka wanke tas kusan kullum sai ya yi kore a farkonsa, domin shuke-shuke ba su kafu ba, masu cin gansakuka ba su iso ba. Haƙuri ake yi da shi. Kwashe shi a sake cikawa mayar da hannun agogo baya ne.

Ana yawan tambayata batun busasshen karan sha'ir. An yi bincike a kansa a Ingila tun shekarun 1990, kuma abin da aka gani shi ne, yayin da yake ruɓewa a ruwa mai iska yana sakin wasu sinadarai da ke hana gansakuka yaɗuwa. Hanawa yake yi, ba ya kashe wadda ta riga ta cika, don haka tun kafin zafi ya kankama ake sa shi. Ana cusa shi sakwa-sakwa a raga a bar shi yana yawo a sama inda ruwa ke motsi, gram 10 zuwa 50 ga kowane murabba'in mita. A ruwan sanyi yakan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin ya soma aiki, a ruwan da ya kai digiri 20 kuwa mako ɗaya ko biyu, sannan a cire shi bayan wata huɗu zuwa shida. Sakamakon gwaje-gwaje ya sha bamban, wani wurin ya yi aiki wani wurin bai yi ba, shi ya sa nake ɗaukarsa a matsayin ɗan taimako kawai. A kula busasshen kara ne, ba ɗanyar ciyawa ba, kuma in aka cika shi da yawa shi ma zai shanye iskar ruwan. Fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙwayoyin da suka bi ta gabanta, wadda ake haɗawa da famfon da ke juya ruwan tafki, tana maganin koren ruwa, amma ba ta taɓa mai zare-zare, tunda wannan ba ta bi ta cikin bututu. Duk mai irin wannan famfo ya rufe bakin da ke zuƙar ruwa da soso ko raga mai ƙananan ido, in ba haka ba 'ya'yan kwaɗi zai riƙa ja.

Lakar da ta taru a ƙasa ita ce rumbun abincin, kuma wata rana sai an rage ta. Ana yin wannan ne bayan 'ya'yan kwaɗi sun yi ƙafa sun fita, ba lokacin da ƙwai ke cikin ruwa ba, kuma kashi ɗaya cikin uku ake ɗiba a bar saura zuwa wata shekara, don akwai ƙwai da tsutsotsi a cikinta. Raga a kan tafkin lokacin da itatuwa ke zubar da ganye tana rage wannan aikin ƙwarai, muddin an bar wata kafa a gefe don masu shiga da fita.

Kwanon ruwan tsuntsaye da ƙaramin maɓuɓɓugi na ado su lamarinsu da sauƙi. A zubar da ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, a goge da buroshi mai tauri, a matsar da shi inuwa. In koren ya kama sosai, ruwan khal kashi ɗaya a ruwa kashi tara ya isa, a ɗauraye sosai a bar shi ya bushe a rana kafin a cika. Ban da sabulu, yana wanke maiƙon da ke kare gashin tsuntsu. A sa dutse ɗaya da ya ɗan fito sama da ruwa don ƙudan zuma su sami wurin tsayawa.

Wannan yawan canjin yana maganin sauro ma, tunda daga ƙwai zuwa mai tashi yakan ɗauki kwana bakwai zuwa goma a lokacin zafi. A tafki kuwa tsutsar mazari da ƙwarin ruwa su ke cinye 'ya'yansa, kuma idan aka zuba guba aka kashe su, sauro ne ke riga kowa dawowa. In duk da haka ka ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a wani lungu, ka rage cunkoson zaren da suke fakewa a ciki, ka sa ɗan famfo ya riƙa motsa fuskar ruwan. In abin ya ƙi, akwai bakteriyar da ake kira Bti, wadda ke kashe tsutsar sauro da wasu 'yan ƙudajen da ke kusa da shi, ba ta taɓa kifi ko kwaɗi ko tsuntsu, ana sa ta daidai yadda aka rubuta a jikin kwalinta.